Garnaɗa a Ƙarshen Hunturu

Sanyin Garnaɗa ya bambanta da hunturunmu. Namu da hazo yake zuwa, ya faffasa leɓe, ya bar kaushi a dunduniya, amma da hantsi ya dubi ludayi sai ya saki mutum. Nasu daga duwatsun Siyera Nebada yake gangarowa, inda ƙololuwar Mulhasen ta kai kusan mita 3,480, ya biyo ta daɓen ɗaki ya kwana cikin ƙashi. Tsofaffin gidajen unguwar Albaisin don gudun zafin bazara aka gina su: katanga mai kauri, 'yan ƙananan tagogi, daɓen tayil. A gidan da na yi haya, dattijuwar mai gidan tana da wani zagayayyen teburi da aka lulluɓe da bargo har ƙasa, da kasko a ƙarƙashinsa. A da garwashi ake zubawa, yanzu na lantarki ne. Duk wanda ya zauna sai ya ja bargon ya rufe gwiwoyinsa, a nan ake cin abinci, a nan ake gulma. Yanzu da itatuwan almon suka fara fure a gefen tuddai, na ɗaure kayana, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga garin shi ne rubutunsa: wanda ke jikin bango, da wanda aka ƙona, da wanda aka ɓoye, da wanda ya tsallake teku tun kafin a rufe ƙofa.

Manyan ƙaddarorin garin nan kusan duk cikin sanyi suka sauka. Ran 2 ga Janairu 1492 Sarki Abu Abdullahi, wanda Sifaniyawa ke kira Bo'abdil, ya miƙa mabuɗan fadar Alhamra ga Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela. Har yau ana bikin wannan rana. Kansila yakan fito barandar majalisar birni da tuta, ya kira sunan garin sau uku, jama'a suna amsa masa. A gefe guda na dandalin masu murna ne, a ɗaya gefen masu cewa korar mutane ba abin biki ba ne, 'yan sanda a tsakani suna hura hannu. Can sama kuma, a hasumiyar tsaro ta fadar, 'yan mata na layi don buga ƙararrawa, domin an ce wadda ta buga ran nan za ta yi aure kafin shekara ta zagayo. Ita wannan ƙararrawar ce a da take sanar da manoman fadamar Garnaɗa lokacin da ban ruwa ya zo kan kowa cikin dare. Masu tuta suna kiran ranar karɓar gari, malamanmu suna kiranta faɗuwar Andalus, 'yan matan kuwa ranar neman miji suka sani. A cikin ukun, su ne suka fi ba ni sha'awa, don su kaɗai na ga suna dariya.

Wanda ya taso a makarantar allo, in ya shiga fadar Alhamra, wani abu na samunsa da ba ya samun sauran 'yan yawon buɗe ido. Mutum sama da miliyan biyu ke shiga fadar a shekara, akasarinsu suna ganin zane ne: ganye, taurari, igiyoyi masu sarƙa da juna. Shi kuwa sai ya ji leɓensa na motsi ba da izininsa ba. Ko'ina rubutu ne, a kan ƙofa, a wuyan ginshiƙi, a bakin kwarmin ruwa, a gefen 'yan kafofin bango da ake ajiye tulunan sha. Masu bincike sun ƙidaya rubuce-rubuce kusan 10,000 a jikin fadar, kuma sun tarar ayoyin Alƙur'ani da baitocin waƙa kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawa gajerun kalmomi ne da ake ta nanatawa: albarka, arziki, ɗaukaka ga sarki wane. Wasu an rubuta su da hannu mai sauƙin karantawa. Wasu kuma da Kufi, an ja alif da lam sama an ɗaɗɗaure su har sun zama baka da ƙulli, ta yadda ko a zamanin sarakunan ba kowane bafade ne zai warware su ba. Tun a lokacin, ke nan, magina sun fara mayar da magana ado. Masu kyamarar yau ƙarasa aikin kawai suka yi.

Jumlar da ta fi kowace yawa ita ce taken gidan sarautar Banu Nasar, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah. Tana bin bango layi-layi har ido ya gaji. Na ji masu wa'azi suna kawo ta a matsayin shaidar tawali'un sarakunan Andalus, kuma ban ƙi ba. Sai dai yana da kyau a san wanda ya zaɓe ta. Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya shiga Garnaɗa wajen 1238 ya fara ginin fadar, ya tsira da mulkinsa ne ta hanyar yin mubaya'a ga Sarki Fardinan na Uku na Kastila a 1246. Ya yarda zai riƙa biyan gandu duk shekara, ya kuma ba da dakaru aka yi wa Ishbiliya ƙawanya, birnin Musulmi 'yan'uwansa, har ta faɗi a 1248. Ana ba da labari cewa da ya komo mutane suka tare shi suna kiransa mai nasara, shi ne ya amsa musu da wannan jumla. Ko labarin ƙari ne, ya dace da mai shi. A bakin wanda ya ci yaƙi, jumlar ƙanƙan da kai ce. A bakin wanda ya san abin da ya sayar kafin ya zauna kan karaga, ta fi kama da uzuri. Jikokinsa sun yi shekara fiye da 250 suna sassaƙa ta.

Baitocin da ke ɗakunan Sarki Muhammadu na Biyar, har da waɗanda ke zagaye da kwarmin ruwan nan da zakuna goma sha biyu na dutse ke ɗauke da shi, na Ibn Zamrak ne. Dabararsa ita ce ya sa ginin ya yi magana da bakinsa: ɗaki ya yabi kansa, taga ta faɗi abin da take hange. Ba a taɓa yi wa mawaƙi bugu mai tsada irin wannan ba. Amma shi wannan mai daɗin harshe almajirin waziri Ibn Khaɗib ne, kuma da malaminsa ya gudu Maroko, shi aka tura Fas ya bi shari'arsa. A 1374 aka shaƙe Ibn Khaɗib a kurkuku. Almajirin ya hau kujerar malaminsa, bayan kimanin shekara ashirin shi ma aka kashe shi a gidansa da umarnin wani sarkin. Duk wannan ba ya cikin bango. Abin da ke ciki ruwa ne da lambu da yabon sarki.

Maganar da ta fi ta bango nauyi, a wurina, ta takarda ce. Ran 25 ga Nuwamba 1491 aka sa hannu a yarjejeniyar miƙa gari, bayan sarakunan gidan sun gama cinye junansu, ɗa na yaƙar uba, baffa na yaƙar ɗan wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masanin tarihi Maƙƙari ya ƙidaya sharuɗɗan 67. Wanda ya karanta su zai ga hannun mutanen da suka san fiƙihu kuma suke tsoron gobe: masallatai su zauna yadda suke, alƙalan Musulmi su ci gaba da shari'a tsakanin Musulmi, kada a tilasta wa kowa canza addini, wanda ya so ƙaura ya sayar da kayansa ya tafi. Sun toshe duk wata kafa da kalma za ta iya toshewa. Abin da ya gagare su rubutawa shi ne wanda za a kai wa ƙara in an karya.

Shekarun farko an ɗan riƙe alƙawari. Babban limamin cocin garin na farko, Hernando de Talabera, ya fi son jan hankali da lallashi, har ya sa limamansa koyon Larabci. A ƙarƙashinsa wani malamin coci, Pedro de Alkala, ya tsara ƙamus da nahawun Larabcin da mutanen Garnaɗa ke yi a kasuwa da cikin gida, aka buga a 1505 da baƙaƙen Latin. Manufarsa a yi wa mutanen wa'azi su bar addininsu. Yau duk mai son sanin yadda Bagarnaɗe ke furta magana, wannan littafi yake buɗewa, domin malaman garin, da duk yawan rubutunsu, sun raina harshen uwayensu mata, Larabcin littafi kawai suka ɗauka abin rubutawa. Bahaushen da ya taɓa neman tsohuwar kalma ya rasa ta ko'ina sai a ƙamusun Bajari na 1934, wanda shi ma ɗan mishan ne, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Lallashi bai yi wa fada sauri ba. A 1499 Sisneros, babban limamin Ɗulaiɗila, ya iso da baftismar taro, ya sa aka tara littattafan Larabci a dandalin Babur Ramla aka cinna musu wuta, aka ware na likitanci aka kai jami'arsa ta Alkala. Albaisin ta yi bore a watan Disamba. Boren nan shi aka riƙe hujja cewa su suka fara karya yarjejeniya. Zuwa 1502 babu sauran Musulmi a Kastila bisa doka: ko baftisma ko ficewa. Waɗanda suka zauna aka sa musu suna Moriskawa.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙona littafi koya darasi, ko da yake bai kai shi daɗin faɗa a kan mumbari ba. Mutanen sun shiga coci, sun karɓi sababbin sunaye, amma ba a yarda da su ba, domin har yanzu da Larabci suke yi wa 'ya'yansu faɗa. A 1526 Sarki Karlos na Biyar ya yi dokar hana harshen da tufafin, suka tara kuɗi suka sayi jinkirin shekara arba'in. Da wa'adin ya cika, ran 1 ga Janairu 1567, aka shelanta dokar Filib na Biyu: shekara uku kowa ya koyi Sifaniyanci, bayan nan ba magana ba rubutu da Larabci, kuma duk takardar ciniki da aka rubuta da shi ta zama banza. A rushe gidajen wanka. Mata su buɗe fuska. Ranar Juma'a da ranar biki a bar ƙofar gida a buɗe. Sai wani dattijo daga cikinsu, Faransisko Nunyes Mulai, wanda ya yi wa sarakunan Kirista hidima tun yana yaro, ya rubuta wa shugaban kotun garin takardar koke. Hujjarsa ita ce tufafi da kiɗan biki da harshe al'adar ƙasa ne, ba addini ba. Ya tuna musu akwai Kiristoci a Ƙudus da Malta da ke magana da Larabci, ba wanda ya ce ba Kiristoci ba ne. Ya kuma tambaya yaya za a yi da takardun gonaki da na gado, tunda duk da Larabci suke.

Na daɗe ina juya takardar dattijon nan. Don ya ceci harshen, dole ya rantse cewa harshen ba ya ɗauke da komai, sauti ne kawai kamar na kowane lardi. Masu dokar kuwa sun yi imani cewa harshe na ɗauke da mutum ɗungurungum, da alƙiblarsa da abin da yake faɗa a zuci in ya yi tuntuɓe. A wannan gardama maƙiyan Larabci sun fi mai kare shi girmama shi, kuma ina zaton dattijon ya san haka sarai lokacin da yake rubutu. Ba a saurare shi ba. Daren Kirsimeti na 1568 ƙauyukan Albusharat, a bayan duwatsun, suka ɗauki makami. Da aka murƙushe su, aka kwashi mutum kimanin 80,000 daga ƙasar Garnaɗa aka watsa su cikin Kastila, akasari daga Nuwamba 1570, da ƙafa, cikin wannan sanyin da ni ina fama da shi a gefen kasko.

Can arewa, a Kastila da Aragon, Musulmi sun daɗe da rasa Larabci a baki. Sifaniyanci suke yi kamar maƙwabtansu, amma da suka tashi rubuta farillan alwala, da ƙissoshin annabawa, da magunguna, da addu'o'i, sai suka rubuta Sifaniyancin da baƙaƙen Larabci. Sunan da suke kiran harshen nasu daga tushe ɗaya yake da ajaminmu. Wanda ya saba da hannun Alƙur'anin mahaddatanmu zai gane shafin nan take: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Yana iya karantawa da ƙarfi daga farko har ƙarshe bai fahimci komai ba, Basifaniye na gefensa yana fahimtar abin da yake ji amma ba ya iya karanta ko harafi. A 1884 magina na gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid de la Siyera suka ɗaga daɓen katako, suka tarar da tarin irin waɗannan littattafai a jere. Ga alama mai su ya adana su ne da niyyar dawowa. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori Moriskawa kimanin 300,000 daga ƙasar baki ɗaya.

Amma labarin da na fi so, kuma na fi jin kunyar sonsa, na littattafan dalma ne. A 1588 ana rushe hasumiyar tsohon masallacin Juma'a don faɗaɗa babban coci, aka tsinci akwati da wata fata mai rubutun Larabci da Latin da Sifaniyanci. Daga 1595 kuma aka fara tono wasu faya-fayan dalma a kogunan wani tudu a gabashin gari, an zana musu wani baƙon Larabci mai kusurwa-kusurwa. Abin da suke cewa shi ne, wai waɗanda suka fara kawo Kiristanci Garnaɗa tun ƙarni na farko Larabawa ne, cikinsu da wani Sisiliyo, kuma wai Nana Maryamu da kanta ta yabi Larabawa da harshensu. Garin ya rikice da murna. Babban limamin lokacin ya gina majami'a a kan tudun, aka sa masa suna Tudu Mai Tsarki. Masana da yawa yau suna ganin Moriskawa ne suka ƙirƙira, kuma zargi ya fi faɗawa kan wasu tafintocin fada biyu, Migel de Luna da Alonso del Kastiyo, waɗanda su aka kira su fassara abin da aka tono. Shi Kastiyo ɗin nan shi ne a 1564 majalisar gari ta sa ya kwafe rubutun bangon Alhamra ya fassara, don tun lokacin masu fadar ba sa iya karanta gidansu. Dubi inda wuya ta kai mutane: an haramta musu harshe, sai suka binne shi a ƙasa don maƙiyansa su tono shi da hannunsu su sumbace shi. Dabarar ba ta hana kora ba. Fadar Fafaroma ta karɓe faya-fayan, ta yanke a 1682 cewa ƙarya ne, ba ta mayar da su Garnaɗa ba sai a shekarar 2000. Duk da haka, a farkon Fabrairu na ga mutanen gari suna hawa tudun iyali-iyali don bikin waliyyinsu Sisiliyo, ana raba wake ɗanye da burodi mai gishiri da busasshen kifi.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma kukan Andalus da muke yi yana da daɗin da nake zargi. Muna son mu ce aljanna ce aka ƙwace. A wannan garin dai, a Disamba 1066, Musulmi suka far wa Yahudawan gari suka kashe waziri Yusufu ɗan Nagrila da jama'arsa masu yawa. A daidai shekarun da Isabela ta sa hannu kan korar Yahudawa, a Maris 1492, Shehu Magili, wanda muke alfahari da zuwansa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya tayar da mutane kan Yahudawan Tuwat aka rushe wurin ibadarsu. Kuma wanda ya ja rundunar Sarkin Maroko Ahmadu Mansur ya ƙetare Sahara ya karya Songhai a Tondibi a 1591, Judar Basha, haifaffen yankin Almeriya ne, na tsohuwar masarautar Garnaɗa, da Andalusawa masu bindiga a cikin dakarunsa. Waɗanda aka ƙona wa kakanni littattafai suna cikin rundunar da ta kwashe laburaren malamin Timbuktu Ahmadu Baba, aka tafi da shi Marakish a ɗaure a 1594. Shekara ɗari biyu da hamsin kafin nan wani Bagarnaɗen, mawaƙi Abu Ishaƙ Sahili, ya biyo Mansa Musa daga Makka ya rasu a Timbuktu ana girmama shi. Duka biyun hanya ɗaya suka biyo.

Abin da ya fi bindiga daɗewa a wannan hanya shi ne takarda. Mai yawo a Garnaɗa yana neman Andalus a duwatsu, alhali wani babban yanki nata yana zauren malam a Kano da Zariya da Damagaram, kan buzu. Muwaɗɗa da ake karantawa riwayar Yahaya ɗan Yahaya ce, mutumin Ƙurɗuba. Ashafa da ake yi da azumi, mai ita Alƙali Iyal ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Ishiriniyar da mata da maza ke rerawa da Mauludi ta Alfazazi ce, shi ma Baƙurɗube. Sharhin Muhtasar da ake kira Taju wal Iklili na Mawwaƙ ne, muftin Garnaɗa da ya ga shigar Kiristoci da idonsa ya rasu a shekarar. Almajiri na haddace sunayen nan kamar sunayen taurari, ba ya kawo wa ransa cewa garuruwa ne masu kasuwa da magudanar ruwa, ana zuwa a bas.

Wanda ya fi ba ni mamaki Ibn Asim ne, babban alƙalin garin da ya rasu a 1426. Ya tsara hukunce-hukuncen kotu cikin baiti kusan 1,700 don alƙalai su haddace: wane ne mai ƙara, wane ne wanda ake ƙara, wa ke kawo shaida, wa ke rantsuwa, yadda ake raba aure, yadda ake hana maƙwabci cutar da maƙwabci da hayaƙi ko kwata. Tuhfa ke nan. A Sifaniya kalmar alƙali tana nan a bakin mutane, amma ta koma sunan magajin gari, mai kula da shara da fitilun titi. Littafin alƙalin kuwa bai da sauran aiki a garin da aka rubuta shi, sai a ɗakin nazarin jami'a. A kotunan shari'a na arewacin Nijeriya har gobe ana buɗe shi tare da sharhinsa Bahja, ana yanke hukunci da shi kan gona da gado da sadaki. A cikinsa akwai izari: kafin alƙali ya yanke, wajibi ne ya juya ga wanda hukunci zai hau kansa, gaban shaidu, ya tambaye shi ko yana da sauran magana. Kotun ɗaukaka ƙara na iya rushe shari'a sukutum don an tsallake wannan tambaya. Matar da aka tsaya aka saurara a wata kotun karkara saboda izarin nan, ba ta san sunan Garnaɗa ba, ba kuma ta da buƙatar sani. Na fi ganin ran garin a wannan tambaya fiye da a duk filastar Alhamra, ko da yake ba wanda zai sayi tikiti don ya kalle ta.

Akwai wata mashiga a kudu da gari, kan hanyar teku, inda aka ce Bo'abdil ya waiwaya ya yi kuka uwarsa ta gwasale shi. Marubutan baya ne suka ƙawata labarin, kuma ya yi wa masu nasara daɗi ƙwarai a ce wanda aka kora rago ne. Hanyata ba ta bi ta can ba. Bas ɗin Madrid arewa yake yi, ya ratsa lardin Hayen, wanda Larabawa ke kira Jayyan, garin Ibn Malik mai Alfiyya, wanda ya bar nan ya je ya rasu a Dimashƙa a 1274 ya bar wa ɗalibanmu baiti dubu na nahawu. Itatuwan zaitun fiye da miliyan sittin ne a lardin, a jere daga tudu zuwa tudu har ƙarshen gani. Girbinsu aikin hunturu ne: a shimfiɗa raga a ƙasa, a karkaɗe rassa da sanda ko inji. Da yawa daga masu wannan aiki 'yan Maroko ne da Senegal da Mali, wasu ba takarda, suna kwana a masaukin wucin gadi ko tashar mota. Kaka ta ƙare, su ma suna ɗaure jakunkuna, wasu za su gangara gonakin leda na Almeriya. A 2015 Sifaniya ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa. Ba a yi irinta ga jikokin Moriskawa ba.

Cikin waɗanda suka fice daga Garnaɗa tun da wuri akwai wani yaro da iyayensa suka ɗauka zuwa Fas, Hasan ɗan Muhammadu Wazzan. Ya girma ya yi yawon jakadanci da fatauci, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai wa Fafaroma Liyo na Goma, aka yi masa baftisma da sunan Fafaroman. A Rum ya rubuta bayanin ƙasashen Afirka da Italiyanci, aka buga a Benis a 1550, kuma Turai ta yi ƙarni biyu da rabi tana kallon ƙasashenmu ta idonsa. Ya ambaci Kano da ganuwarta da 'yan kasuwarta da masu sana'a, ya ambaci Katsina da Zazzau da Zamfara, ya ce a Gobir ana ɗinka takalma ana kaiwa Timbuktu da Gawo. Masana na gardama kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko daga bakin fatake ya ji, musamman da yake ya ce Askiya ya ci Kano, abin da Tarihin Kano bai kawo ba. Amma ya lura da abu ɗaya daidai: Gobir da Kano da Katsina da Zazzau harshe ɗaya suke yi. Yana cikin farkon waɗanda suka sanar da Turai cewa akwai wannan harshen da nake rubutu da shi. Sunan Hausa dai bai kawo ba, harshen Gobir ya kira shi. Gobirawa sai su ƙara wannan a cikin kirarinsu, Kanawa kuwa su ce ai daman an faɗa, mutumin bai zo Kano ba.